Watan Maris ne ke yanke wa burin Janairu hukunci

Ranar ɗaya ga Janairu ba mafarin komai ba ce a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama. Kafin ta zo an riga an yi dashe, albasa ta kama ƙasa a fangali tana neman ruwa, kuɗin gero da shinkafar damina kuwa sun daɗe da shigewa taki da man inji. Wata ne na hazo da kaushi da aljihu fayau. Amma a cikinsa ne samarinmu da 'yan matanmu, daga ƙauyuka har cikin garin Jega, suke ɗaukar waya su jera abin da suke son zama kafin Disamba. Wani zai tara miliyan, wani zai haddace izifi goma, wata za ta koyi kwamfuta, wani zai daina kwana a majalisa. Ban ga aibin wannan ba. Yaron da ke da buri ya fi wanda ya shimfiɗa tabarma yana jiran a buga gangar siyasa a ba shi riga da dubu biyu. Abin dubawa shi ne inda waɗannan jerin buruka suka kwana a shekaru goman da suka wuce.

A tsakiyar Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, wato Anchor Borrowers. Duk wanda ya yi Janairun 2016 a wannan yanki ya san ba a zancen komai sai shinkafa. Mai acaba da mai shagon caji da ɗalibin da ke jiran sakamako, kowa burinsa na shekara ya zama babban manomin shinkafa. Kuma shinkafar ta yi albarka. A Disambar wannan shekara har buhunan Lake Rice, na haɗin gwiwar Kebbi da Legas, sun shiga kasuwa, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casa na WACOT a Argungu. Sai dai idan ka bi samarin nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ci moriya su ne masu fili a fadama, masu inji ko masu wanda zai ara musu, waɗanda suka san ranar zuba iri tun suna bin iyayensu gona. Wasu kuwa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na gwamnati, suka karyar da takin, aka sayi babur, aka kai lefe. Da lokacin biya ya yi aka shiga wasan ɓuya. Shirin ɗaya ne, shekarar ɗaya ce, burin ma a baki iri ɗaya ne.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa mai buri sassauci ba. A 2020 korona ta rufe makarantu, malaman jami'a suka yi yajin aiki daga Maris har Disamba, ambaliya kuma ta cinye shinkafar Kebbi a ƙarshen damina. A 2022 an sake wani yajin daga 14 ga Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba, wata takwas cur, wanda ya rubuta cewa bana zai sa hular kammalawa ya wayi gari yana tsaron shagon yayansa. Farkon 2023 takardar naira ta ɓace, mutum da kuɗinsa a banki yana roƙon mai POS. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mai noman rani da ya yi lissafin ban ruwa a tsohon farashi, lissafinsa ya rushe a dare ɗaya.

Sai 2024, shekarar da ta fi ba ni tausayi. Ita ce shekarar mainin, wato neman kuɗin intanet ta danna waya. A teburin mai shayi, a tashar mota, a bakin ƙofar masallaci kafin a tayar da iƙama, za ka ga samari sun sunkuya suna ƙwanƙwasa fuskar waya da yatsu biyu, wasu da huɗu. Hamster Kombat ce ta fi tashe. An sayi data, an biya caji, an bar barci, har akwai masu yi wa iyayensu alkawarin kujerar Makka. Da aka fashe, wato aka raba ladan, a ƙarshen Satumba, abin da galibinsu suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. Wannan ba sabon rami ba ne, yayyensu sun faɗa irinsa a MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma bayan Hamster an sake kuka da CBEX a Afrilun 2025. Abin da ya dame ni ya wuce asarar kuɗin. Waɗannan yara sun nuna suna iya dagewa a kan abu guda kullum, wata da watanni, ba fashi ba gajiya. Masu cewa matasan yanzu ba su da juriya ba su kalli abin da kyau ba. Juriyar tana nan, a gonar wani aka zuba ta.

Idan aka tattara waɗannan shekaru, burin da ya fi saurin mutuwa shi ne wanda aka rataye a wuyan wani: gwamnati, ko ƙungiyar malamai, ko wani kamfani da ba a san ofishinsa ba. Wannan kowa na iya ganewa. Akwai abu na biyu da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi shafar mu nan. Buri yakan mutu ne ranar da kuɗi suka shigo hannu, ba ranar da babu ba.

A Janairu kowa waliyyi ne wajen tattali, domin babu abin kashewa. Gwajin gaskiya yana zuwa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake cire albasa, manyan motoci suka yi layi a Aliero suna lodi zuwa Legas da Onica da ƙasashen maƙwabta. A lokacin ne kuɗi ke yawo a hannun mai gona da ɗan ƙwadago da mai ɗinkin buhu da ɗan dako da mai abinci. A lokacin ne kuma albasa ta fi arha, saboda kowa ya fito da tasa a tare. Wanda ya iya riƙewa har damina ta yi nisa, ko har zuwa ƙarshen shekara, shi ke ganin farashin da ake ba da labari. A 'yan shekarun nan abin ya ƙara tsanani, domin azumi da ƙaramar Sallah sun sauko daidai kan wannan kaka: a 2024 an yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 ranar 30 ga Maris. Ga kuɗi a hannu, ga tela na jira, ga budurwa na jiran kayan Sallah, ga sabuwar waya a shago tana kallonka. Nan ake binne yawancin abin da aka rubuta a Janairu, kuma ba a yi masa ko zaman makoki.

Na taɓa zama a bakin fadama ina jin wani ɗan'uwanmu, saurayi da bai daɗe da gama sakandare ba, yana karanta wa kawunsa burinsa daga waya. Dattijon na tsugune yana gyara bakin tiyo, bai ko ɗago ba.

"Kawu, bana in Allah ya so sai na tara miliyan guda."

"Madalla. Miliyan ta mi?"

"Ta jari mana, Kawu."

"To, ɗana, wagga albasa taka, buhu nawa za ka aje cikin rudu?"

Yaron ya yi shiru, domin bai taɓa kawo rudu cikin lissafinsa ba.

"Wane wata za ka buɗe? Kuma wa za ya hana ka buɗewa ran jajibirin Sallah?"

Tambayoyi uku ke nan, kuma ban ji wani mai koyar da dabarun rayuwa a intanet ya yi waɗanda suka fi su ba. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: yaron zai sayar da abin da zai biya bashin taki da mai, ya yi ɗinkin Sallah kala ɗaya, sauran kuma a zuba a rudun kawun, ba a nasa ba. Wanda bai san rudu ba, rumfa ce ta itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, a rufe ta da ciyawa. Ba ajiya ce ta a kulle a manta ba. Dole a riƙa buɗewa ana tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi 'yan'uwanta, hannu ya yi wari, ido ya yi ruwa, kuma kana kallo tarin yana raguwa domin albasa tana shanyewa. Yaron ya sha zuwa da uzuri, yau bikin aboki, gobe waya ta faɗa ruwa. Amsar kawun ba ta canza ba: lokaci bai yi ba. Ruɓar da aka samu ta fi yadda suka zata, kuma miliyan ba ta taru ba. Amma da aka buɗe, abin da ya samu ya saya masa injin ban ruwa na hannu, kuma daga ranar ya daina biyan haya.

Iyayenmu mata sun riga kowa gane wannan. Adashi ba ya ƙara wa kowa ko kwabo, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Ƙarfinsa duka yana ga uwar adashi da za ta aiko yarinya ƙofar gida ranar zubi, da kunyar a ce wance ce ta karya layi. Matashin yau ya fi son burinsa ya zama sirri tsakaninsa da wayarsa, wai don gudun baki da hassada. Na yarda ba kowa ake faɗa wa shiri ba. Amma akwai tazara tsakanin shelanta buri a Facebook don a yi ta danna maka yabo, da damƙa shi a hannun mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, wanda zai iya kallon idonka ya ce a'a. Waya ba ta jin kunyar kowa, kuma ba a jin kunyarta.

Wannan bai tsaya a kan albasa ba. Yarinyar da ke son shiga kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ko saurayin da ya sa ido a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, su ma shekararsu tana da kakarta. Rajistar JAMB a farkon shekara ake yinta, jarrabawar WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO na biye da ita. Wanda ya rubuta "zan shiga jami'a" bai rubuta komai ba tukuna, sai ya san watan da za a nemi kuɗin rajista, da inda za su fito, da darasin da ya kayar da shi bara, da malamin da zai zauna gabansa bayan La'asar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son hadda ma haka: izifi goma a baki abu ne mai daɗin faɗa, amma malamar Islamiyya da ke karɓar tilawa kowace safiya ita ce ke mayar da shi gaskiya, shafi bayan shafi. Malamai sun sha karantar da mu cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ƙanƙane ne, ya fi soyuwa wurin Allah. Mukan ji wannan a matsayin wa'azin nafila kawai, alhali ya shafi ɗinki da gyaran sola da koyon lissafi.

A nan zan ɗan karkata ga 'yan mata, domin nasu burin yakan gamu da wani shinge da samari ba su sani ba. Saurayi na iya yanke wa shekararsa hukunci shi kaɗai. Yarinya kuwa sau da yawa wasu ne ke riƙe da kalandarta: ranar da za a sa mata rana, ko za a bar ta ta ƙarasa aji shida, ko mijin zai yarda ta ci gaba. Wadda ta yi dabara ita ce ta kai burinta gaban mahaifi ko goggo tun kafin masu neman aure su yi sallama, ta nemi a sa zancen karatun ko sana'ar cikin abin da za a tattauna da dangin miji. Na ga inda hakan ya yi aiki, na kuma ga inda aka yi alkawari aka saɓa. Duk da haka wadda aka yi wa alkawari gaban shaidu tana da abin kamawa, wadda ta bar shi a zuci ba ta da shi.

Wasu za su ce ai mu Musulmi ne, Muharram ce sabuwar shekararmu, me ya haɗa mu da Janairu. Ba na musu, kuma da za a mayar da daren cika-ciki lokacin zama a yi wa kai hisabi, da an ƙaru fiye da cika tumbi. Amma ko a Muharram ka rubuta, ko a Janairu, ko ranar da aka yi ruwan shuka, tambayoyin dattijon nan suna nan suna jiranka. Kuma ba na cewa mai riƙe albasa kullum shi ke cin riba. Akwai shekarar da ruɓa ke cinye rabin rudu, akwai shekarar da farashi ke ƙin tashi, akwai gidan da ciwo zai shigo dole a buɗe ajiya ba shiri. Wannan ƙaddara ce, ba a yi wa mutum dariya a kanta. Wanda ake yi wa faɗa shi ne wanda ya karyar da guminsa na wata huɗu a mako guda don shadda kala uku, sannan Disamba ta zagayo ya ce ƙasar ce ba ta da kyau.

Ku kuma iyaye da kawunnai da iyayen gida a kasuwa, kada ku tsaya ga yi wa yaran nan dariya idan sun karanto muku burinsu. Ku tambaye su nawa, da wane wata, da hannun wa, sannan ku yarda ku zama hannun. Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, buɗe jerin da ke cikin wayar nan yau, a goge duk wanda ba a san watan biyan kuɗinsa ba. Ɗaya ko biyun da suka rage, a kai su gaban wanda ake jin nauyinsa tun motocin lodi ba su fara layi a Aliero ba.