Mai sharhin fim dillalin wa ne?

Jama'a, duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar dabbobi ya san dillali iri biyu ne. Akwai wanda zai buɗe bakin dabba ya nuna maka haƙora, ya ce Alhaji wannan ta kwana biyu, mu ƙara gaba. Akwai kuma wanda tun da asuba ya karɓi nasa a hannun mai dabba, sannan ya zo yana rantse-rantse a gabanka kamar naka ne. To a ganinmu ɗan jaridar da ke sharhin fina-finai shi ma dillali ne, sai dai a tambaye shi na wa.

Kada wani ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan magana. A zamanin kaset da faifan CD, kwali-kwali ake ɗauko finafinan Hausa daga Ƙofar Wambai a Kano, a bi ta Maiduguri da Gamboru da Kuseri har Njamena, kuma wanda ya saro fim saboda yabon da ya karanta, shi ke kwana da kwantai idan yabon na ƙarya ne. Yau kasuwar ta koma waya, amma data ma ai da kuɗi ake sayenta.

Aikin sharhi na gaskiya yana da amfani, wannan ba gardama. Da mujallar Fim ta fito a 1999 a hannun Ibrahim Sheme, masu kallo sun samu dandalin faɗin abin da ke ransu, 'yan fim kuma suka san akwai ido a kansu. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda finafinan Kano da dama suka kwaso labarinsu daga na Indiya. Wanda zai iya gaya maka cewa labarin nan aro ne, sauti bai fita ba, an ja fim kashi biyu alhali kashi ɗaya ya ishe shi, ya cece maka kuɗi da lokaci.

Inda gizo ke saƙa shi ne ambulan. A Nijeriya kuɗin mota ake ce masa, a Kamaru da nan Chadi kuwa gombo, wato kuɓewa, kuma sunan ya dace, domin santsi gare ta. Furodusa zai kira 'yan jarida kallon farko, a ci a sha, a miƙa wa kowa tasa, washegari ka karanta cewa ba a taɓa yin fim irin wannan ba. Mako mai zuwa kuma wani fim ɗin ne ba a taɓa yin irinsa ba! Mun san albashin ɗan jarida bai taka kara ya karya ba, wani ma sai ya yi watanni bai gan shi ba. Amma baki in ya ci, ido ke jin kunya. Idan jarida na son sharhi, ta biya wa wakilinta kuɗin shiga da na mota daga aljihunta. Idan kuwa furodusa ne ya biya, a rubuta "talla" da manyan baƙaƙe a saman shafin, mu ma 'yan kasuwa ne, ba mu ƙin talla.

Akwai wata cutar da ba ta kuɗi ba ce, kuma ita ta fi shafar mu nan Chadi: yabon aro. Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche, ya fitar da mu kunya a duniya. Fim ɗinsa Daratt ya ci kyauta a Venis a 2006, wani kuma mai suna Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2010, abin da ya sa gwamnati ta gyara silimar Normandie aka sake buɗe ta a 2011 bayan ta shekara kusan talatin a rufe. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai mai sharhin da zai jira Turawan Faris su yanke hukunci, shi kuma ya kwafo, bai yi mana aikin komai ba. A Lingui na 2021, uwa ce a gefen Njamena tana saƙa murhu da wayar tsohuwar taya, ga 'yarta mai shekara 15 da ciki, suna neman zubarwa. Bature zai yaba kyawun hoto. Amma ko haka matan unguwanninmu ke magana, ko haka maƙwabta za su yi, wannan mai ɗaki ne kaɗai ya san inda ke masa yoyo. Kuma kada a manta Haroun ya riƙe kujerar ministan al'adu daga 2017 zuwa 2018. A wannan shekarar wane ɗan jarida ne zai ce fim ɗin minista yana da ja, ba tare da ya waiwaya bayansa ba? Shi kansa Haroun ɗan jarida ne kafin ya kama kyamara, ya san cewa sukar aiki ba cin mutunci ba ne.

Haka nan mai sharhi ba ɗan sanda ba ne. An ga abin da ya faru a Kano daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar tace finafinai, har aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Iyakar ikon mai alƙalami ya ce mana kada ku saya, ga dalilina. Ranar da ya fara kiran a kama wane, ko ya bar fim ya koma kan auren 'yar wasa da mutuwarsa, ya sauka daga kan sana'arsa.

Don haka in kun ɗauki jarida, ku duba ko marubucin ya ambaci wata fitowa guda da za ta nuna lallai ya zauna ya kalli fim ɗin har ƙarshe. Ku duba kuma shafin da ke kallon nasa, ko tallar wannan fim ɗin ce ta cika shi.