Magana a Kan Magidancin da Ya Koma Karatu Bayan Furfura

Mun ji ana yi wa waɗansu magidanta ba'a a majalisa, wai don sun ɗauki littafi sun koma aji alhali 'ya'yansu sun isa aure. Wannan ba'a ba ta da kan gado, kuma ba sabon abu suka ƙago ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta aika jajinta ƙauyuka su karantar da matan aure da gwaggwanni, ba a kuwa ce musu sun makara ba.

Abin da ya kamata a duba shi ne lokaci. A zamanin kakanninmu rani shi ne lokacin karatu. Idan an gama girbi an cika rumbu, babba da yaro sai su ɗauki buzu su tafi wurin malami har ruwan farko ya sauka. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya shigo Kadawa, sai rani ya zama damina ta biyu. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma fa ya cinye hutun da ake karatu a cikinsa. Mutum ya fita daga shinkafa ya shiga tumatir da alkama da albasa, ranar da aka sako ruwa kuwa ba ta jiran kowa.

Ga shi kuma noman nan ya fi na dā bukatar karatu. A 2016 tsutsar tumatir ta afka wa gonakin Kano ta yi mummunar ɓarna. Wanda ya riƙe kwalbar magani bai iya karanta ma'aunin da ke jikinta ba, sai ya zuba da ka, ko ya ƙona shuka ko ya yi asarar kuɗinsa. Haka takardar rancen taki, haka lissafin kwanduna a Kwanar Gafan. Mai dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba, gonarsa ya ba da jingina bai sani ba.

Ƙofa kuwa a buɗe take. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi kuma ga ta nan a Kumbotso ga wanda ya yi nisa a dā ya tsaya. Sai dai wanda ya koma ya san nauyin da ya ɗauka: kuɗin littafinsa da na ɗansa daga aljihu ɗaya za su fito, kuma ido ɗan shekara 45 ba ya jure fitila kamar na yaro.

Saboda haka muna roƙon dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu ban-ruwa su zauna da malaman aji, a sa karatun maza bayan isha'i, na mata tsakanin azahar da la'asar, a ɗaga shi a makon dashe da na girbi. Maigidan da ya samu shiga kuma kada ya hana uwargidansa.