Ba a Shiga Gida Sai da Sallama

A ƙasar Hausa, kowane irin baƙo iyakarsa zaure, sai ya yi sallama an amsa. Mai talla ma, ko ta ƙosai ce ko ta koli, a bakin ƙofa yake tsayawa. In an ce ya shigo ya shiga, in an ce a kai kasuwa ya wuce. Yau kuwa an sami masu tallar da suka tsallake zaure suka faɗa har uwar ɗaki ba izini.

A Amurka da Ingila, takardun talla ne ke cika akwatin wasiƙun gidaje. Mu a Dutse ba a saba raba wasiƙu gida-gida ba, sai suka biyo mu ta wayar hannu: tallar waƙar kira, da cacar ƙwallo, da bashin nan-take, dare da rana.

Masu kare wannan ɗabi'a kan ce ai saƙo ne kawai, wanda ba ya so ya goge. Wannan magana ce ta wanda ya yi boko. Kakata a Kiyawa ba ta karanta Turanci. Duk sanda wayarta ta yi ƙara, sai ta yafa mayafi ta nemi mai duba mata, tana zaton ɗanta ne ya turo kuɗin cefane daga Legas, ashe tallar caca ce. Wata rana ta danna abin da ba ta sani ba, aka dinga zaftare mata kati har mako biyu. Illar ba ta tsaya a kuɗi ba: wanda saƙon banza ya gajiyar, ranar da na rigakafi ko na gargaɗin ambaliya ya zo, ba zai waiwaye shi ba.

Gaskiya ne hukuma ba ta yi shiru ba. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fito da lambar 2442. Wanda ya tura kalmar STOP zuwa gare ta, kyauta, an wajabta wa kamfaninsa ya daina aiko masa da talla. In an ƙi, ya kai ƙara ta 622. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta ba kowa ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa haja. To amma an ɗora nauyin inda bai dace ba. Ta yaya za a bar ƙofa a buɗe, sannan a ce mai gida ne zai rubuta takarda, da harshen da ba nasa ba, yana roƙon a daina shigo masa?

Kamata ya yi a juya tsarin: kowane layi ya zo a kulle, mai son talla shi ya buɗe da kansa. Kafin nan, Rediyon Jigawa ya riƙa shelar 2442 da Hausa da Fulatanci, masu sayar da layi a kasuwar Shuwarin su koya wa mai saye, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma kowa ya kulle wa iyayensa in ya je hutu.

Wayar kakata da guminta ta saya, ɗakinta ce. Duk mai son shiga, ya tsaya a zaure ya yi sallama.