Golmo, Masallaci da Coci: Wa Ya Ce Cin Amana Laifi Ne?

A ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne a iske gida guda, wa yana zuwa sallar Juma'a, ƙane yana zuwa coci ran Lahadi, kakansu kuwa yana riƙe da gargajiyar Dakarkari. Ranar bikin Uhola fili ɗaya ke haɗa su. A tambaye su wa ya hana sata, a ji amsa uku. A sace akuyar gidan, a ga bakinsu ya zo ɗaya.

Masu cewa kyau da muni al'ada ce kawai, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, suna iya kafa hujja da golmo. Saurayi ya kwashe shekara bakwai yana noma gonar surukinsa, shi da sa'o'insa, kafin a ba shi mata. Bakano bai san wannan ba, a Zurun ma boko da kuɗi sun rage masa ƙarfi. To amma me golmo ke aunawa? Ko yaro zai saɓa fartanya da sassafe, damina bayan damina, ya cika alkawari. Yana kuma auna uban yarinya. In ya ci gumin yaro sannan ya juya ya aurar da ita ga mai kuɗi, ko Bakanon da bai taɓa jin kalmar golmo ba zai ce an ci amana.

Malaman Musulunci sun daɗe da wannan muhawara. Mu'utazilawa suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane zalunci mummuna ne. Ash'ariyya, wadda malaman ƙasar Hausa suka fi bi, ta ce wahayi ne ke tabbatar da hukuncin. A kan inda tushen yake suka saɓa, ba a kan samuwarsa ba.

A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka kashe 'yan sa kai fiye da 60 a yankin Sakaba na ƙasar Zuru. Wanda ya ɗauki ɗabi'a a matsayin ra'ayi ba shi da abin faɗa wa ɓarawon daji, domin shi ma yana da nasa ra'ayin, har da labarin shanun da yake cewa an ƙwace masa. Matan da aka bari da marayu ba ra'ayinsu aka taka ba, haƙƙinsu aka ci. Ma'aunin nan kuma ba ya barin na gida: ɗan sa kan da ya kashe makiyayi ba tare da shari'a ba ya ɗauki alhaki, ko da gari duka ya yi masa guɗa.