Gyambon da ba ya ciwo da ƙofar da ke cikin ƙwayar halitta



Da yawa a cikinmu mun zauna a ajin bayoloji, malami ya zana ƙwayar halitta a allo, ya nuna wasu layuka masu kama da zanen da aka ninke, ya ce sunansu endofilasmik retikulum. Muka haddace sunan saboda jarrabawar WAEC, muka manta da shi kafin sakamako ya fito. Ra'ayinmu a yau shi ne mun yi asara da muka tsaya a suna ba mu tambayi aikinsa ba, domin wannan tambayar ta kai masana ga fahimtar wata cuta da ke cin fatar yara a yankinmu.

Bari mu fara da aikin. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo. A jikin tantanin nan akwai furotin iri-iri a kafe: wasu ƙofofi ne na shigar da sukari da gishiri, wasu kuma su ke karɓar saƙo daga jini, kamar saƙon insulin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren furotin ɗin mutum na tantani ne, kuma magunguna da yawa da ake ba mu a asibiti a kansu suke aiki.

Matsalar ita ce, injin da ke ƙera furotin, wato ribosom, a cikin ruwan ƙwayar yake aiki. Shi kuwa furotin na tantani yana da wani sashe mai amino asid kamar 20 wanda ba ya jituwa da ruwa, sai da mai. In aka bar shi a ruwa zai dunƙule, ya manne da wasu, ya lalace. To, ta yaya ake kai shi inda ya dace lafiya?

A 1971 Günter Blobel da David Sabatini, a Jami'ar Rockefeller da ke New York a Amurka, suka kawo shawarar cewa furotin yana ɗauke da adireshinsa a jikinsa. A 1975 Blobel da Bernhard Dobberstein suka tabbatar da haka da gwaji. A 1980 kuma Peter Walter da Blobel suka ware ɗan rakiyar da ke karanta adireshin, wanda ake kira SRP.

Ga yadda abin yake tafiya. Da zarar sashen nan mai gudun ruwa ya leƙo daga ribosom, SRP sai ya rufe shi, ya rage saurin ƙirar, ya ja ribosom ɗin gaba ɗaya zuwa bangon retikulum. A can akwai wata ƙofa mai suna Sec61. Ribosom ya zauna a bakinta, ƙira ta ci gaba, furotin yana shiga yana tsawo. Ƙofar tana da wata kafa a gefe, ta nan sashen mai son mai yake zamewa ya shige cikin tantani. Wasu furotin kuwa sashen nasu a can ƙarshen wutsiya yake, ba ya fitowa sai an gama ƙira, lokacin SRP ya makara. Waɗannan wani ɗan rakiya dabam ne ke ɗaukarsu, sunansa TRC40 a jikin mutum. A cikin retikulum ake naɗe furotin, a duba ingancinsa, a lalata wanda bai naɗu daidai ba, sannan a tura sauran. Ta wannan ƙofa kuma furotin da ƙwaya take fitarwa waje suke bi, har da saƙonnin da sojojin jiki suke aika wa juna.

Wani zai ce, “Fasto, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da wannan?” Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne cewa sanin Sec61 ba zai biya wa kowa kuɗin haya ba. Amma mu duba gyambon Buruli.

An sa wa cutar sunan wani yanki a Yuganda, amma yau ta fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya: Gana, Benin, Kodebuwa, Kamaru da Najeriya, musamman wuraren fadama da ruwa mara gudu. Ƙwayar cutar dangin ta tarin fuka da kuturta ce, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa cikin masu kamuwa. Takan fara da ɗan ƙullutu ko kumburi a hannu ko ƙafa, yawanci ba ciwo, ba zazzaɓi. Daga baya fata ta buɗe, gyambo ya yi ta faɗi.

A 1999 aka gano dafin da ƙwayar take fitarwa, aka sa masa suna maikolakton. A wannan shekarar ce Blobel ya karɓi kyautar Nobel, ba wanda ya san abubuwan biyu suna da alaƙa. Sai tsakanin 2014 da 2016 bincike ya nuna cewa dafin nan Sec61 yake toshewa. Ƙofa ta rufe, sojojin jiki suka kasa fitar da saƙon neman agaji, shi ya sa jiki yake shiru yayin da nama yake mutuwa. Da ba a yi shekaru arba'in ana nazarin ƙofar ba, da ba a gane makamin ba.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Gyambon da ba ya ciwo, ba ya warkewa, yakan sa mutane su ce jifa ne ko maita. A zargi maƙwabciya ko kishiya, a yi watanni ana shafa magani a gida, har yaro ya rasa amfanin hannunsa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar magani na mako 8, rifamfisin haɗe da kilaritromaisin, kuma in an fara da wuri yawanci ana warkewa ba tare da naƙasa ba. Rashin ciwon ma aikin dafin ne, ba alamar sauƙi ba. Matashin da ya san wannan zai iya ceton hannun ƙaninsa, ya kuma ceci sunan wata tsohuwa daga ƙazafi.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na farko, in mun ga ƙullutu ko kumburi mara ciwo da ya ƙi tafiya, ko gyambon da yake ƙara faɗi, mu kai mai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Na biyu, ku da kuke ajin kimiyya, ku daina ƙoshi da hadda. Ku tambayi malami “ta yaya?” har sai kun gane. Iyaye da shugabannin zumunta kuma, kada mu sanyaya wa yaron da yake son bincike gwiwa don ba mu ga kuɗi a ciki yau ba. Cututtukan da ake kira waɗanda aka yi watsi da su a ƙauyukanmu suke, kuma ya kamata cikin masu nazarinsu a sami 'ya'yan waɗannan ƙauyukan.

Allah ya ba mu hikima. Mu haɗu a zumunta mai zuwa.