Haƙƙin Lebura Ba Ya Zuwa Da Ƙafarsa

Jama'a, a 1986 wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya fitar da littafi kan leburorin masana'antun Kano. Ga abin da ya gano: da aka yi ƙarin albashin Adebo a 1971, masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa. Ba shugabannin ƙungiya suka ƙwato kuɗin nan ba. Leburori ne da kansu, da yawansu tsofaffin almajirai, suka ajiye aiki don a biya su.

To, ku 'yan Tafoki, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa masu zuwa birni cin rani, shawararmu ɗaya ce: ku zaɓi wakilai daga cikinku tun rigima ba ta taso ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.