FILIN WASANNI: Tsalle na goma a birnin Seyul

A wanga wata za mu ɗan ajiye zancen kokowa da tamaula, mu leƙa wani wasa wanda da yawa cikinmu ba su taɓa gani ba, sai ko a telebijin. Shi ne tsunduma cikin ruwa daga bisa dandamali, wanda ake yi a babban taron wasannin duniya na Olampik.

Ga yadda abin yake. Ana gina hasumiya ta siminti a bakin wani tafki ginanne. Tsawonta metir 10, wato kusan gaba shida. Ɗan wasa ya hau, ya tsaya a baki, ya yi tsalle, ya yi alkafura a sarari sau biyu ko uku ko fiye, sa'an nan ya miƙe ya shiga ruwa da hannuwa gaba kamar mashi. Duka wannan bai cika sakan biyu ba, kuma yana isa ruwa da gudun wajen kilometir 50 a awa. Shi ya sa ake yi wa tafkin zurfin metir 5, babu laka, babu kututture. Iyaye, ku faɗa wa yaran nan masu dirowa daga reshen itace cikin tafkin bayan gari da damina: su waɗancan sun auna ruwansu kafin su faɗa.

Alƙalai bakwai ke zaune a gefe, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10. Suna duban tashi, da juyi, da shiga. Wanda ruwa bai fantsama ba ga shigarsa, shi ne gwani. Amma kowane irin tsalle yana da lambar wuyarsa, kuma da ita ake ninka makin alƙalai. Wato tsalle mai wuya ya fi biya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai wani iri wanda ƴan wasan kansu ke shakka. Mutum yana fuskantar ruwa, ya yi tsalle gaba, amma ya juya da baya, ƙeyarsa ta komo wajen simintin da ya baro. In ya yi nisa da dandamali alƙalai su rage masa maki. In ya matsa da yawa, kai ne ke biya. A watan Yuli na 1983, wurin wasannin ɗalibai na duniya a Edimonton ta ƙasar Kanada, wani saurayi ɗan Jojiya mai wasa da sunan Tarayyar Sobiyet, Sargei Calibashbili, ya gwada irin wanga tsalle da alkafura uku da rabi. Kansa ya bugi siminti. Ya yi mako guda bai farfaɗo ba, ya rasu yana da shekara 21.

Cikin masu jiran layi bisa hasumiyar ran nan akwai wani Ba'amurke, Gireg Luganis. Shi wannan ba baƙo ba ne a fagen. Yana ɗan shekara 16 ya zo na biyu a Olampik na Monreyal a 1976, bayan tsohon hannu Kilaus Dibiyasi na Italiya, wanda ya ci zinariyar dandamali sau uku a jere. A 1980 Amurka ta ƙaurace wa wasannin Mosko, kamar yadda ƙasarmu ma ba ta je ba. A 1984 a Los Anjalas ya kwashe zinariya biyu: ta dandamali, da ta katako mai lanƙwasa wanda ake kafawa metir 3 bisa ruwa.

Sai Seyul, babban birnin Koriya ta Kudu, a 1988. Ran 19 ga Satumba, wurin zagayen share fage na katako, Luganis ya yi irin tsallen nan mai komowa da baya, sai ƙeyarsa ta daki katakon, ya faɗa ruwa ragwaf. Likita ya ɗinke shi nan take, wajen rabin awa ya komo ya ƙarasa, washegari kuma ya ci zinariya. Abin da jama'a ba su sani ba, sai a 1995 ya bayyana shi: a lokacin yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, kuma tsoron da ya fi damunsa shi ne jininsa, don likitan ya ɗinke shi ba safar hannu. Da anka auna likitan daga baya, an tarar bai kamu ba.

Kwana takwas bayan faɗuwar, ran 27 ga wata, anka zo ƙarshen wasan dandamali, tsalle goma-goma. Yanzu Luganis ne tsohon hannu, shekararsa 28, ga ɗinki a ka. Wanda ya tsone masa ido kuwa wani yaro ne ɗan ƙasar Sin, Shiyong Ni, mai shekara 14, rabin shekarunsa cif. Da sunka gama tsalle tara, yaron na gaba da maki 3.

Yaron ya fara hawa. Ya yi nasa tsaf, ba inda za a kushe, ya samu 82.56. Saura Luganis. Tsallen da ya rubuta a takarda tun kafin a fara, don haka doka ta ce, ba a sakewa a tsakiya, shi ne alkafura uku da rabi mai komowa da baya, wanda ya kashe Calibashbili yana tsaye kusa. Ya tsaya a baki, ya ware hannuwa, ya tashi. Ya shiga ruwa lafiya. Allo ya nuna 86.70. Jimla: Luganis 638.61, Shiyong Ni 637.47. Tsakaninsu maki ɗaya da ɗan ɗori, bayan tsalle goma. Ya fito ya faɗa ƙirjin mai koyar da shi yana kuka.

Har yau akwai masu cewa suna ne ya ci, alƙalai sun ji nauyin babba. Ni dai na zauna na yi lissafin, ban ga haka ba a tsalle na goma. In an cire ninki, makin da alƙalai sunka ba yaron ya ɗan ɗara na Luganis. Lambar wuya ce ta raba gardama: ta yaron 3.2, ta Luganis 3.4. Dokar da ke biyan mai kasada ita ta ba shi zinariya, kuma ita ce dai ke tura samari su matsa kusa da siminti. Ban ce a soke ta ba, don in babu ita kowa zai tsaya ga mai sauƙi. Amma duk sa'ad da na ga ɗayansu ya juya da baya, sai in kau da ido daga telebijin har in ji tafi.

Daga Seyul Luganis ya bar wasa. Shiyong Ni bai taɓa cin zinariyar dandamali a Olampik ba. A Barsalona a 1992 na uku ya zo. Sai ya sauko ya koma katako, ya ci zinariya ɗaya a Atalanta a 1996, ya ƙara biyu a Sidini a 2000.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.